Wanzami, Zo A Yi Maka Jarfa

Tun ban gama buɗe baki ba na hango Alhaji ya taɓe nasa. Wai yau kuma me 'yan boko suka kwaso? An gaya masa akwai wata hanyar jinyar damuwa da ake koya wa likitoci da nas-nas, wadda ke cewa mutum ya daina kokawa da abin da ke cin ransa, ya ba shi wurin zama, sannan ya tashi ya kama abin da ke gabansa. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Au, haƙuri? Ashe sai an hau jirgi zuwa Amurka za a koyo abin da kakata ke faɗa tana tankaɗe?" Hajiya ta ƙara gishiri daga tsakar gida: yau Bature ya ɗura haƙuri a kwalba, gobe ya manna masa farashi.

Ranku ya daɗe, a bar ni in kai aya.

Masu abin suna kiransa ACT a taƙaice, mu ce jinyar karɓa da ɗaura niyya. Wanda ya assasa ta shi ne Steven Hayes, malamin ilimin halayyar ɗan Adam da ya daɗe a Jami'ar Nevada da ke Reno. Ga abin da zai yi wa Alhaji daɗi: shi kansa ciwon firgici ne ya cafke shi a ƙarshen shekarun 1970, a tsakiyar taron malamai, ya buɗe baki zai yi magana murya ta ƙi fita. Mai koya wa mutane maganin tsoro ga shi tsoro ya shaƙe masa wuya. Ya shekara da shekaru yana yaƙi da abin da dabarun da ya karanta, ciwo sai gaba yake yi. Daga wannan wahala hanyar ta tsiro, har shi da Kirk Strosahl da Kelly Wilson suka fitar da littafinta na farko a 1999.

Kafin mu je ga kakar Alhaji, bari in ɗan gwada jikanta. A 1987 wani masani, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce kowa ya yi minti 5 yana tunanin duk abin da ya ga dama ban da farin beyar, in kuwa dabbar ta faɗo masa a rai ya buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta sha bugu. Da aka sake su aka ce to yanzu ku tuna da shi, waɗanda aka fara hanawa sun fi sauran yawan tuna shi. Na san Alhaji bai haɗa hanya da beyar ba, don haka mu sauƙaƙa. Daga nan zuwa ƙarshen wannan layi kada ka tuna da mutumin nan da ya kwashi kayanka bashi tun azumin bara. Kada ka tuna fuskarsa. Kada ka tuna yadda ya sauya lambar waya, ballantana sabon babur ɗin da aka gan shi a kai ranar Juma'a. Yaya dai, Alhaji? Na ga jijiyar wuya ta tashi.

To ai wannan ne maganin da muka fi rubuta wa juna kyauta. "Cire abin a ranka." "Daina tunani." A faɗa a gida, a faɗa a majalisa, har a ɗakin ganin likita a kan faɗa bayan an auna hawan jini. Mai damuwa ya koma gida da aiki biyu, ga damuwar, ga gadin kada ta shigo. Haƙurin da muke ba marar lafiya sau da yawa umarni ne ya haɗiye ya yi shiru, ba wanda ya nuna masa yadda ake yi. Ita wannan hanya, in an cire mata ado, darasi ne na yadda ake yi ɗin.

Nan ne maganata ta bar kan Alhaji ta koma kanka, Yallaɓai likita, kai da ke dariya a gefe kana lilo da abin awon ƙirji.

Abin da ake fara koya maka shi ne riƙe nasiharka. Ka tambayi majinyaci me da me ya gwada don ya rabu da abin nan. Zai lissafo: ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina doguwar tafiya a mota, yana raba dare a kan waya, wani ma ya kai ga kwalbar kodin. Ka ce, ya tafi? Zai ce na ɗan lokaci. Ka ce, to me wannan ya ci maka? Daga nan ka ja bakinka ka tsuke, ka bar shi ya yi lissafin da kansa: kasuwa ta ja baya, zumunci ya yi sanyi, ciwo kuma yana nan daram. Wannan shirun ya fi kowane darasi wuya ga mutumin da ya saba ya rubuta ƙwaya a minti 3 ya ce a turo na gaba.

Akwai kuma wasan kati, wanda Russ Harris, wani likita a Ostareliya, ya yaɗa irinsa. Majinyaci ya rubuta maganar da ke damunsa a takarda, misali "ba ni da wani amfani". Ka ce ya riƙe ta da hannu biyu ya tura ta nesa da shi iya ƙarfinsa. Bayan ɗan jim kafaɗu sun fara ciwo, sai ka tambaye shi ko a haka zai iya ɗaukar jaririnsa ko ya ƙirga wa mai ciniki canji. Sannan ka ce ya ɗora takardar a cinya. Rubutun bai goge ba, ko harafi ɗaya bai ragu ba, amma hannuwa sun dawo nasa. Wanda ya ji wannan a kafaɗarsa ba ya buƙatar lacca. Daga nan a koya masa ya sauya yadda yake faɗin maganar: "Na lura zuciyata tana gaya mini wai ba ni da amfani." Tsohuwar hanyar da Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960 tana zaunar da tunani ne a gaban alƙali, a nemi shaida ko gaskiya ne ko ƙarya. Nan ba a shiga wannan shari'ar. Tambayar ita ce, in ka bi umarninsa, ina zai kai ka?

Wani darasin kuwa ko ni sai na kawar da kai nake dariya. An samo shi daga wani masani, Edward Titchener, tun fiye da shekara 100 da suka wuce. Likita da majinyaci su haɗa baki su yi ta maimaita "madara, madara, madara" da sauri har rabin minti, sai kalmar ta zama ƙara kawai, babu fari babu ɗanɗano. Sannan a yi haka da kalmar da ke yi wa mutum zafi. Na sani, Alhaji, in ka gifta ta taga ka ji su, sai ka rasa wa ya kawo wani. Amma je ka gwada a ɗaki, ka rufe ƙofa saboda yara.

Duk wannan share fage ne. Masu hanyar suna da misalin direban bas, mu ɗauke shi a motar haya daga Kano zuwa Zariya. Kai ne a sitiyari, a baya ga Tsoro, ga Kunya, ga Da-na-sani, kowa na ihu a juya. Direban da ya tsaya a Kwanar Ɗangora sai ya sauke su zai kwana nan, don ba sa sauka. Wanda ya yi musu biyayya zai koma tasha. Saura wanda ya bar su da surutunsu ya riƙe hanya. Shi ya sa dole a tambayi mutum ina ya nufa tukuna. Akan ce masa, ranar da za a yi zaman makokinka, me kake so 'ya'yanka su faɗa a kanka? Likita ba shi zai zaɓa masa amsa ba, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. In ya ce yana so a ce mai zumunci ne, sai a yanka masa aiki daidai bakinsa: ranar Juma'a ya je gaida mahaifiyarsa, ko da ƙirji na dukan uku-uku. Ba a ce ya jira sai fargaba ta tafi ba. Da ita za a je, ita ma ta gaida Inna.

Hajiya ta ɗaga hannu, kuma tambayarta ba ta wasa ba ce: wato matar da ake duka ita ma a ce ta karɓa? A'a, Hajiya. Abin da ake ba wuri shi ne wanda ke cikin ƙirji, tsoro da baƙin ciki da tuna baya. Mari da zalunci ba sa cikin lissafi. Hasali ma matar da ta koyi tafiya da tsoronta ita ce ƙafarta za ta iya kai ta gaban waliyyinta ko gaban alƙali. Duk mai jinyar da ya mai da wannan darasi "koma ki zauna" ya ɓata rawarsa da tsalle. Malam kuwa da ke gyaran murya zai ce tawakkali ya riga Hayes zuwa duniya, ban musa ba, Allah gafarta Malam. Kai ma ai ba ka taɓa koya wa almajiri tawakkalin naɗe hannu ba.

Yallaɓai yana son hujja, ga ta ba ƙari. An yi ɗaruruwan gwaje-gwaje, kuma a dunƙule hanyar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta Beck, ba ta kere mata ba, duk wanda ya ce maka ta kashe kasuwar sauran talla yake. Ba ta maye gurbin ƙwaya ga mai jin muryoyi ko wanda ciwonsa ya yi tsanani. A 2021 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Birtaniya ta sa ta cikin abin da za a iya ba mai daɗaɗɗen ciwon jiki. Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta naɗi darussan a faifai, zama 5 na awa bibbiyu, da littafi mai hotuna, aka gwada da mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a arewacin Uganda, da Larabcin Juba, masu jagorantar zaman kuma ba likitoci ba ne. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna damuwa ta ragu sosai da gama darasi, bayan wata 3 tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. A ƙasarmu da mutanenta suka haura miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, asibitocin Dawanau da Barnawa da Kware ba za su ɗauke kowa ba. Abin da nas ko ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya koya ya koyar ya cancanci a tsaya a dube shi.

Sai dai fa ba a koyonsa da karatu kaɗai, kuma nan ne manyanmu ke zamewa. Sabon shiga yakan haddace misalai ya yi ta zazzaga wa majinyaci har ya rasa ta cewa. Wani kuma ya mai da karɓar dabarar bayan gida, ya ce "karɓe ta don ta tafi", wato dai farin beyar ya dawo da sabuwar riga. Maganin wannan shi ne a horo mai jinya yake fara zama a kujerar marar lafiya. Ya rubuta tasa maganar, wadda ke zuwa masa da dare bayan ya rasa wani a hannunsa, ya tura ta har kafaɗarsa ta gaji, abokan aiki suna kallo, mai horarwa yana gyara. Wanzami dai an san ba ya son jarfa.

Don haka taso, Yallaɓai. Yau Sista ce likita, kai ne ka zo da kati. Ajiye abin awon ƙirjin nan, ga takarda ga biro. Kuma kada in ji "ina da tiyata ƙarfe biyu", na duba allo, sunanka ba ya ciki.