Na'urar Gano Kifi da Wandon da Ta Ci

Ƙanena da ke aiki a Dubai shi ya jawo mini. Ya ji ina zuwa fatsa madatsar ruwa ta Tiga ranar Asabar, sai ya aiko mini da na'urar gano kifi, wadda ke harba sauti cikin ruwa, amsa-kuwwa ta dawo ta zana kowane kifi a allo da siffar baka. Batiri ne bai aiko ba. Takardar ta ce bolt 12 take ci.

Bolt 12 kuwa ga shi zaune a motata. Na kwance batirin, na rungumo shi har bakin ruwa ina nishi. Tsohon da nake hayar kwale-kwalensa ya dube shi ya ce, "Malam, wannan kuɗin mutum guda zai biya." Muna shiga kwale-kwalen ya karkata. Igiyar ruwa ta farko ta tuntsurar da batirin, ruwansa ya ɗiga a cinyata. Washegari uwargida ta ɗaga wandon a gaban yara, kana hango tsakar gida ta cikinsa.

Sai wani yaro mai gyaran kwamfuta ya ce mini, "Yallaɓai, an wuce wannan zamanin, lithiyam ake yayi." Ya farke tsofaffin batiran laftof, ya zaro 'yan sandunan da ke ciki, waɗanda ake kira 18650, ya jona uku a jere, ya naɗe da salatif shuɗi. Kowace sanda bolt 3.7 ce, jimla 11.1. In an cika su taf suna kaiwa 12.6, daga nan sai gangara, na'urar kuma da wuta ta kusa bolt 10 take ɗaukewa. Yaron bai faɗi wannan ba, wanka kawai yake wa aikinsa.

Da na koma Tiga da ƙunshin batirin, hantsi bai gama dubawa ba wani ƙaton baka ya bayyana a allo, na rantse giwan ruwa ne. Na buɗe baki zan yi kabbara, allo ya yi baƙi. Na taɓa ƙunshin salatif na ji zafi rau. Baba mai kwale-kwalen ya koma can ƙarshe ya takure, ya ce, "Abin nan naka ƙauri yake." Na ce, "Baba, haka kimiyya take." Ya ce to ni da kimiyya mu zaɓi wanda zai sauka. Gaskiyarsa kuwa, wannan nau'in in ya yi zafi fiye da kima ko ya huje, wuta yake kamawa, mu kuma a kan katako muke, tsakiyar ruwa, kuma ban iya iyo ba.

Ashe lithiyam dangi ne. Na kwale-kwale shi ne wanda aka rubuta wa LiFePO4, mai haɗin ƙarfe da fosfet. Ɗakuna huɗu ne a ciki, kowane bolt 3.2, jimla 12.8, kuma yana riƙe wutarsa kusan daidai har ya kusa ƙarewa. Ya fi sauran jure zafi, yana ɗaukar caji sau dubbai. Na sayi mai 10Ah, bai kai kilo biyu ba. Ƙaramar na'ura irin tawa ba ta jan fiye da rabin amfiya, wato awa ashirin ke nan a lissafi. Sharaɗinsa biyu: caja tasa ta musamman mai bolt 14.6, da robar da ruwa ba ya shiga. Yana da hali guda mara daɗi, ba ya sallama. Allon kariyar da ke cikinsa, BMS, ɗif yake yanke wuta.

Ranar da na fita da shi, na'ura ta yi aiki tun asuba har la'asar. Na ga kifi iri-iri, na san zurfin kowane, ko ɗaya bai kula ƙugiyata ba. Baba, da bai ko kalli allon ba, ya cika kwando da karfasa, ya sayar mini da biyar don kada in shiga gida hannu rabbana.

Satin da ya biyo baya aka ɗauke wuta, uwargida ta gano batirin yana juya ƙaramar fanka mai bolt 12 har gari ya waye. Yanzu sai na nemi aro. Mai niyyar saye, ka duba LiFePO4 a jikinsa, ka sayi biyu, ka ɓoye ɗaya a wurin mai kwale-kwale.