Mu da Fili a Tsallaken Kogi

Mu mutanen tsallaken kogin Kaduna akwai mu da hali guda: ba ma iya ganin fili a zaune. A rushe tsohon gida yau a Barnawa ko Makera, kafin mai fegi ya tara kuɗin bulo, wani ya kawo durom biyu da tiyo ya buɗe wankin mota. Mako na zagayowa bakanike ya turo matattun motocinsa ya jera, mai shayi ya kafa tebur, sai ga yaro ya tare ƙofa da igiya yana karɓar kuɗin ajiye mota. Neman halak ne, ba mai cewa laifi ne. Motocin ma dole su kwana wani wuri, tunda gidajen hayar Kakuri da Nasarawa an gina su ne a zamanin da ma'aikaci keke yake hawa. Balle tireloli da tankokin mai da ke jibge a bakin titin Kachiya, su kam sun daɗe da zama maƙwabta.

Amma, jama'a, mu da muke rububin ɗan fili kamu ashirin, kullum muna wuce manyan gine-gine a kulle, ko ɗaga kai mun daina yi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sai UNTL, sai Arewa Textiles da Japanawa suka sa hannu a ciki. Peugeot ta fara haɗa motoci a nan a 1975. Dattawan unguwa za su gaya maka cewa in an tashi daga aiki, titi ba ya tsallakuwa don kekuna, kuma masu tuwo da masu ɗakunan haya duk a jikin masaƙun nan suka yi arziki. KTL ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka koma ga Allah. UNTL ta rufe a 2007.

Tun da aka ƙaddamar da aikin sabunta birnin Kaduna a 2019 mun ga tituna, mun ga sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, mun kuma gode. Sai dai abin da ya zauna mana a kai shi ne gyara yana nufin katafila. A majalisa ka ji ana cewa, "Ai gara a baje masaƙun nan kawai a yi garejin tirela." Ni dai wannan magana tana sosa min rai. Garejin mota mutum nawa zai ci abinci a cikinsa? Zauren masaƙa guda kuwa, in an gyara rufi an ja wuta an yanka shaguna, zai ɗauki teloli da kafintoci da masu walda da yanzu suke aiki a bakin kwata, rana na dukansu. Da tsohuwar zuma ake magani. A Manchester, tsofaffin masaƙu irin waɗannan sun koma gidajen kwana da ofisoshi, ba a rushe su ba. Ga kuma kwalejin Kadpoly a Barnawa, inda yaranmu ke koyon zanen gini da tsara birni, ai sai a ba su su auna su zana.

Jihohin Arewa 19 ne suka mallaki KTL, wato dukiyarmu ce. Masu unguwanni, limamai da fastoci, ƙungiyoyin masu sana'a, ku haɗa baki ku kai maganar gaban gwamnati tun gine-ginen suna tsaye.