Yadda Na Zama Mushe a Maraɗi

Tun ranar Talata, kasuwar Mafara na tsakiyar ci, na fara shaida wa jama'a cewa zan fita ƙasar waje. Ban ce Maraɗi ba. Duk wanda ya matsa da tambaya sai in gyara wuyan riga in ce, "Can dai wajen masu Faransanci." Kafin Alhamis labari ya isa Damaga cewa Faransa za ni, har Inna ta aiko ƙanena wai in sayo mata man zafi irin na Turawa.

Maigidana na shagon taki da maganin feshi shi kaɗai ya ji wani labari daban. Ce masa na yi kawuna ne ba lafiya a Ƙonni, jiki ya yi tsanani. Ya yi addu'a, har ya ƙara mini na mota. Allah ya yafe mini, kawun nan ya fi ni lafiya, kuma a Bakura yake zaune.

Gaskiyar magana, taubashina da ke sayar da kayan babur a Maraɗi ne ya bugo ya ce kokuwar Takobi ta zo garinsu. Gasa ce da Nijar ta fara tun 1975 a Tawa, take zagaya jihohinta 8, kowace jiha da 'yan kokuwa 10. Na ari kwat, na sayi baƙin tabarau, na haddace "bonjur" da "mersi".

Juma'a da asuba na ɗauki hanya: Tureta, Sakkwato, Illela. Nan na zube wa ɗan canji albashina, ya miƙo mini takardun sefa, jimla 20,000. Daga Ƙonni muka bi ta Galmi, inda warin albasa ke riga gari tarbar baƙo, sai Madawa, Gidan Rumji, Tibiri. Bayan isha'i muka shiga Maraɗi. Ina sauka na tari wani dattijo na sakar masa bonjur ɗina. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lahiya lau, samari. Mi kaka biɗa?" Sak muryar kakata. Wuni guda a mota, ashe Hausar tsakar gidanmu na zo saurare.

Taubashina ya tsayar da kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, ya ce, "Zariya za ka kai mu." Na riƙe hannunsa na ce yanzu fa na iso. Ashe unguwa ce. Ɗan kabu-kabun ya ce sittin, taubashi ya biya ban ga abin da ya miƙa ba. Na ce a raina, sefa 60 kacal? Wannan ƙasa ai ni ne Ɗangotenta.

Daren nan aka kai ni fada. Kada ka ɗauka ta sarki; majalisar samari ce a bakin titi, da tabarma da benci da ɗan murhun waya, ana dafa shayi hawa uku, ana kati, rediyo na ta kawo labarin wanda ya yi kaye. Ina zama wani ya matsa mini ya ce, "Bisimilla, mushe." Na yi kamar ban ji ba. Wani ya miƙo kofi: "Mushe, ga shayi." Na miƙe jikina na tsuma, na ce ni da raina da lafiyata, kuma ko mutuwa na yi ai ba jaki ba ne. Fada ta kwashe da dariya. Sai da taubashina ya share hawaye kana ya ce mushe a nan malamin lakwal ne, wato makaranta, kwat ɗina ce ta jawo mini girma.

To, tunda an girmama ni, sai in rama. Ga mai balangu a gefe, ƙamshi na tashi. Na tambayi ƙunshi nawa, ya ce ɗari. Na ɗaga murya yadda har na bayan benci za su ji: "Kawo 20, kowa ya ci!" Aka yi ta sa mini albarka. Da aka suɗe takarda na zaro 2,000 na miƙa, ina jiran mersi. Mai nama ya jujjuya kuɗin ya ce, "Saura jika takwas, mushe."

Nan aka yi mini lakwal ɗin gaske. A Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ɗarinsu 500 ke nan, sittin ɗin ɗan kabu-kabu 300, jika 1,000. Gumi ya karyo mini cikin sanyin hunturu. Na biya 10,000 cur, rabin dukiyata, a kan naman da tsoka uku kaɗai na samu, ɗaya ma jijiya ce. Taubashina ya san komai tun farko. Ya ce shirun da ya yi haƙƙin taubasantaka ne.

Yawon ganin gari na Asabar a gurguje aka yi shi, don mai rabin kuɗi ba ya son kasuwa. Mun leƙa ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, muka gangara tafkin Madarunfa, aka tsaya ana jiran in yi mamaki. Ni da na tashi a bakin madatsar Bakolori, wa zai burge ni da ruwa?

Filin kokuwa kuwa, wanda ke ɗauke da sunan Kantu, zakaran Maraɗi da ya fara cin takobin, ya burge ni ba ƙarya. Ganguna na tashi, maroƙa na zuga, ƙarti na fitowa da walki da guraye da layu har gwiwar hannu, wani ya tsuguna yana tona ƙasa yana tofi. Biyu suka sunkuya goshi da goshi kamar raguna, suna ɗan taɓa juna, shiru, shiru, sai kawai ka ga ƙafafun mutum a sama, fili ya ɗauki ihu.

Ana cikin hutu sai ga cali-cali, masu ba jama'a dariya, da tsummokara da tulin layun ƙarya. Ɗayansu ya hango kwat da tabarau. 'Yan fadar jiya, waɗanda namana bai gama narkewa a cikinsu ba, suka haɗa baki: "Mushe! Mushe!" Ya jawo ni gaba, ya kwaikwayi tafiyata, ya gyara wuyan rigar da ba shi da ita, ya ja daga wai mu kama. Na ja da baya da nufin ƙi, takalmina mai santsi ya zame cikin rairayi, na zauna daɓas. Ko taɓa ni bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya zagaya kamar ya ci takobi.

Lahadi kuɗina a Galmi suka ƙare. A kan buhunan albasa na iso Illela, kwat ɗin aro ta ɗauki warin da har yau mai ita bai yafe ba.

Litinin na shiga shago da fuskar jinya. Maigida ya ce, "Ya jikin Kawu?" Na ce da sauƙi, Alhaji. Ya ce, "Madalla. Kai fa, ya ƙugu?" Ya juyo mini wayarsa, ga ni a Facebook ina zama daɓas, an maimaita sau uku da kiɗa.

Ya cire kuɗin motarsa daga albashin wata. Inna ta samu man zafinta, na kantin magani na Mafara. Daga bakin tasha har Damaga kuwa, ba mai kirana da sunan yanka yanzu, sai Mushe, kuma a nan ba malamin makaranta suke nufi ba.