Malam, Daina Taɓe Baki Mu Yi Maganar Duke

Na san abin da za ku ce, domin kun sha faɗa. Wai mace da hankalinta, ga 'ya'ya ga tukunya bisa wuta, za ta raba dare tana karanta yadda wani basaraken Ingila, wanda bai ma taɓa rayuwa ba, yake neman auren 'yar wani mai gona. Kuma wai tun shafin farko kowa ya san za a ɗaura auren. To sannu da tono asiri, Malam. Kai ne fa kake zama awa uku gaban fim ɗin Indiya, ka san sarai jarumi ba zai mutu ba, amma ka hana yara ko tari har a tashi.

Yawancin waɗannan littattafai a ɗan taƙaitaccen zamani ɗaya suke yawo, daga 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na Uku ya samu taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa sarauta. Jane Austen a cikin zamanin ta rayu, abin da idonta ya gani ta rubuta, kuma littafinta Pride and Prejudice ya fito a 1813. Wadda ta waiwaya baya ta mai da zamanin fagen soyayya ita ce Georgette Heyer, da littafinta Regency Buck na 1935. Ga masu cewa wannan aikin ragwaye ne: matar nan ta tara littattafan tarihi da kundin bayanai a kan komai, ɗinkin riga, irin keken doki, karin maganar 'yan caca, har farashin kyandir. Nawa ne a cikinku suka yi rabin wannan bincike kafin su fara musun siyasa a teburin mai shayi?

Yanzu ku gyara zama, ga inda maganar take. A gidan Bennet na littafin Austen 'ya'ya mata biyar ne, babu namiji. Bisa sharaɗin gadon gidan, ranar da uban ya rufe ido, gida da gonaki za su koma hannun wani ɗan uwansa mai suna Collins, uwa da 'ya'yanta su nemi inda za su raɓa. Masu karatu suna yi wa uwar dariya saboda zaƙewarta wajen nema wa yara miji, amma ni ban ga laifinta ba, lissafi take yi. A dokar Ingila ta lokacin, abin da mace ta mallaka yakan zama na miji da zarar an ɗaura aure, kuma sai a 1882 aka ba matar aure cikakken iko da dukiyarta. Rabuwa kuwa, kafin 1857 sai majalisar dokokin ƙasa ta zauna ta yi doka ta musamman a kan aurenka. Kai da ka tashi ka ga sadaki na amarya ne, 'ya mace tana da kasonta a gado, akwai kuma alƙalin da za a kai wa ƙara, auna ka ji. Yarinyar can zaɓi ɗaya gare ta a duk rayuwarta, kuma a kansa cinta da suturarta da mutuncinta suka rataya.

Da wannan a zuciya sai ka sake duba Elizabeth Bennet, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan. Collins, magajin gidansu, ya nemi aurenta ta ce a'a. Darcy, mai samun fam 10,000 a shekara, ya zo da nasa yana wani hura hanci, yana tuna mata cewa danginta ba sa'anninsa ba ne, shi ma ta wanke shi tas. Yarinyar da ba ta da ko sisi a ajiye! In wannan ba jarumta ba ce, a gaya mini sunanta.

Sai kuma dokokin neman auren, waɗanda su ne gishirin miyar. Budurwa ba ta keɓewa da saurayi sai da babbar mace a kusa. Ba ta rubuta masa wasiƙa in ba a yi baiko ba. In ya yi rawa da ita fiye da sau biyu a dare ɗaya, gobe gari ya ɗauka. A Landan akwai zauren Almack's da ake taruwa ranar Laraba, wasu manyan mata ne ke yanke wanda zai samu katin shiga, kuma har ana ba da labarin cewa sun taɓa mayar da Duke na Wellington daga bakin ƙofa, mutumin da ya karya Napoleon a Waterloo a 1815. Wanda iyaye suka hana kuwa sai gudu zuwa Gretna Green a iyakar Sikotilan, domin dokar 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba aure a Ingila sai da yardar iyaye, ita kuwa Sikotilan dokar ba ta kai can ba. Uba na biye da keken doki, masoya na gaba, maƙerin ƙauye na jira ya ɗaura aure.

Inda aka tsaurara haka, ɗan kallo ɗaya sai ya yi nauyi, riƙe hannu a cikin safa sai ya cinye babi guda. Kada ka yi kamar ba ka gane ba, Alhaji. Ka manta lokacin da kake zuwa zance, kana tsaye a zaure da sabuwar hula, an turo ƙanwarta ta zauna a tsakani, ka koma gida kana fassara murmushi ɗaya har asuba? Ai kai ma ka yi zamanin, marubuci kawai ka rasa.

Akwai inda kuka fi ni gaskiya, ba zan ɓoye ba. Masu sarautar Duke a Birtaniya ta lokacin ba su cika 40 ba, yawancinsu kuma ba samari ba ne, amma a littattafai sun fi a ƙirga, kowanne dogo, ba shi da aure, haƙoransa ciccif. Barorin gida da ke tashi tun duhu su hura wuta ba a cika jin muryarsu ba. Kuɗin wasu gidajen daga gonakin rake na bayi ya fito, Austen da kanta ta nuna haka a Mansfield Park na 1814, inda mai gidan yake da gona a Antigua. Kuma na zamani da yawa, har da jerin Bridgerton na Julia Quinn da ya fara a 2000, wanda Netflix ya mai da fim a 2020, suna shiga ɗakin kwana ba sallama. Wanda ba ya so yana da hujja. Sai dai Austen da Heyer a bakin ƙofa suke tsayawa, Barbara Cartland kuma ta rubuta sama da 700 tana ja wa 'yan matanta kunne har daren aure.

Amma ni ina zargin ba batsa ce ke damun wasunku ba, ba kuma tarihin bayi ba. Abin da ke cikin littattafan nan shi ne namiji mai mulki da dukiya, wanda kowa ke rusuna masa, a wayi gari ya gane ya yi kuskure, ya sauke girman kai, ya gyara halinsa. Darcy bayan Elizabeth ta ƙi shi bai tura 'yan uwa su yi mata barazana ba, bai ce ai mata sun yi yawa a gari ba. Ya rubuta wasiƙa ya bayyana kansa, ya je a ɓoye ya biya kuɗi ya rufa wa ƙanwarta Lydia asiri, ya nemi kada a gaya mata, sannan ya dawo ya sake roƙo da ladabi. Hajiya ba gidan Darcy na Pemberley take hange ba, ta san ba za ta je ba. Wannan dawowar take karantawa sau uku. Ranka ya daɗe, rabonka da cewa "na yi kuskure, ki yi haƙuri" tun wace gwamnati?

In kana son gwadawa, fara da Frederica ko The Grand Sophy na Heyer, akwai ban dariya a ciki, ba kuwa abin da zai sa ka rufe shafi in yaro ya shigo. Ba sai ka saya ba, duba ƙasan filon Hajiya ko cikin wayarta. Abu ɗaya nake roƙo: in ka gama ka mayar inda ka ɗauka, kuma kada ka cire mata takardar da ta sa alamar shafi, don nan ne za a kama ka.