Taƙaitaccen Bayani a Kan Ƙa'idojin Jera Sunaye a Waƙar Biki

Waƙar biki, a wurin ma'abota wannan fanni, ita ce sautin da ake biya a buga a situdiyo domin a ambaci wasu mutane, a bar wasu. Kiɗa da zaƙin murya ba sa cikin rukunanta, ado ne kawai. Rukunanta uku ne: sunan amarya, sunan gwaggo, da sunan ango. Na ƙarshen ana iya yafe shi idan lokaci ya ƙure.

Wajibi ne ɗalibi ya fara sanin abin da ya dace da kowane zama. Kamu da wunin biki haƙƙin mata ne, kuma asali a cikinsu amada ce, wadda Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe tutarta har rasuwarta a 2013. Na baya sun yarda Ado Gwanja ya tsaya a madadinta ta hanyar ƙiyasi, tunda sababin ɗaya ne, wato motsin kafaɗa. Wanda ya sa Shata a wajen dina bai yi laifi ba, sai dai ya sani ya kira kawunnai fili, kuma kawu idan ya shiga fili babu mai ikon fitar da shi.

Game da jeri kuwa, akwai mas'aloli:

1. An yi saɓani kan wa ake gabatarwa tsakanin dangin uwa da dangin uba. Magana mafi rinjaye ita ce a duba ɓangaren da ya yi kayan ɗaki.

2. Abokiyar zaman uwar amarya dole a ambace ta, kuma mawaƙi ya ja sunanta daidai da yadda ya ja na uwar. Idan ya ba ɗaya daƙiƙa 3, ɗaya 2, to matan gidan sun ƙirga, kuma ƙidayarsu ba ta karɓar ɗaukaka ƙara.

3. Ƙawar da ba ta gama biyan kuɗin anko ba, ana ambatonta a dunƙule cikin "sauran ƙawaye".

Idan wani ya ce ai amarya da ango ne masu biki, su ya kamata su zaɓa, sai mu amsa ta fuska biyu. Amarya al'ada ta ɗora mata sunkuyar da kai, wanda kuwa ya sunkuya ba a neman ra'ayinsa. Shi kuma ango yana waje yana ciniki da mai janareto.

Idan aka ce dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙi, da tarar aƙalla Naira 50,000 ko ɗaurin wata 6, saboda haka ambaton suna ba shi da sauran amfani, sai mu ce dokar ta yi magana ne a kan takardar kuɗi. Ba ta ce komai ba game da gwaggon da ta taso tun daga Azare da sababbin 'yan ɗari biyu a jaka.

Idan wuta ta ɗauke daidai kan sunan gwaggon, mafi yawan masana sun tafi a kan a sake waƙar daga farko. Wasu tsiraru sun wadatu da mai gabatarwa ya kira sunan sau 3 a lasifika, da sharaɗin ya haɗa da "Hajiya".