Masu Ɗaura Mahaɗi, Kowa da Halinsa

A Wikipedia, haɗa shafi da shafi bai taka kara ya karya ba. Ka sa kalma cikin baka biyu masu kusurwa, kamar [[Kano]], sai ta koma shuɗiya. In babu shafin, ta fito ja. Amma ɗan wannan aikin ya isa ya tona halin mutum.

Akwai Malam Shuɗi, wanda kalma ba ta wuce shi salin-alin. Ruwa, mahaɗi. Mutum, mahaɗi. Talata ma sai ya ɗaure ta, ko da wani ya manta mece ce Talata. In ya gama da shafi, sai ka rantse daga marinar Ƙofar Mata aka tsamo shi. Ka shiga neman tarihin Sarki Muhammadu Rumfa, kafin ka ankara kana karanta yadda ake haƙar gishiri.

Ƙaninsa kuwa ja yake so. Kowane jan mahaɗi alkawari ne na “zan rubuta in Allah ya yarda”, damina ta zo ta wuce bai rubuta ba. Wani lokacin ma shafin yana nan daram. Shi ne ya buga “kasa” a maimakon “ƙasa” don wayarsa ba ta da ƙugiya, ita kuwa na'ura ba a ce mata “ai kin gane”.

A wajen Wikipedia kuwa akwai Hajiya Latsa-Nan, wadda ta fi yawa a shafukan ofisoshi. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo ya nemi jerin mahaɗai, sai ya ji latsa nan, latsa nan, latsa nan. Ina ne nan ɗin? Oho.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai ƙaurar dare. Ya sauya wa shafi adireshi, bai bar sallahu ba, duk wanda ya biyo sawu sai ya ci karo da 404, saƙon da ke cewa babu shafin. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi rubutu yana roƙon a bar adireshi inda yake. Wani masani ma, Ted Nelson, tun kafin nan ya so mahaɗi ya zama mai kai da komowa, kowane ɓangare ya san da ɗan'uwansa. Ba haka aka gina gizon ba, shi ya sa mai ƙaura bai ma san mutum nawa ya bari a ƙofar kango ba.

Bayansa sai ga mai tono ya nufi Wayback Machine, rumbun ajiyar tsoffin shafuka, yana lalubo kwafin shafin na shekarun baya, yana tsaki, yana gyarawa, ba ko sisin kwabo.