Nazari a Kan Kyamarar Dare, Tare da Abin da Ya Sami Mai Nazarin

Ɗaukar hoto a asalinsa tara haske ne, saboda haka duk wanda ya fita neman kyamarar da za ta yi aiki bayan sallar isha, yana neman na'urar da za ta iya ƙoshi da ɗan abin da ta samu. A cikin kowace kyamara akwai wani faranti da hasken ke sauka a kansa, wanda masu sana'ar ke kira sensa, kuma girmansa shi ne abin dubawa na farko, domin mai tarar ruwan sama da baho ba zai tashi da abin da mai tara da kwanon sha ya tashi da shi ba. Babbar sensa da ƙwararru suka fi amfani da ita tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, awon da aka gada daga fim ɗin da, yayin da ta ƙananan kyamarori, wadda ake kira APS-C, ba ta kai rabin wannan fili ba. Yawan megafiksel kuwa, wato adadin ɗigogin da suka haɗa hoton, ba shi ne ke ƙara gani a duhu ba, shi ya sa kamfanin Sony, da ya fitar da kyamarar A7S a 2014 musamman don aikin dare, ya tsaya a kan 12 kacal, kamar yadda Nikon D3 ta 2007 ta tsaya.

Abin takaici, wannan ilimi bai riski marubucin wannan maƙala ba sai bayan da aka ci aka watse. Dangi sun ɗora masa nauyin ɗaukar hotunan liyafar auren ƙanwarsa, bisa hujjar cewa shi ne ɗan bokon gidan, shi kuma ya nufi wani shago a kasuwa da tambaya guda, wato wace kyamara ce ta fi yawan megafiksel. Mai shagon ya miƙo masa wata ta hannu mai 24, ya ce, "Yallaɓai, wannan ko a cikin rijiya aka sa ta, sai ta gani," aka kuma gwada ta nan take a bakin shago da tsakar rana, inda ta nuna bajinta ƙwarai.

A nan ya wajaba a yi bayanin ƙofar haske, wato ramin da ke cikin gilashin gaban kyamara, wanda ake auna faɗinsa da harafin f da lamba, ta hanyar da ta saɓa wa hankalin ɗan kasuwa, domin ƙaramar lamba ita ke nuna babbar ƙofa. Gilashin da ya zo da kyamarar marubucin yana buɗewa zuwa f/3.5 ne kawai, idan kuma aka murɗa shi don jawo abu kusa sai ya tsuke zuwa f/5.6. Mai shagon, a yi masa adalci, ya nuna masa wani ɗan gilashi mai araha na milimita 50 da ke buɗewa har f/1.8, wanda ke shigar da hasken da ya kusa ninka na f/5.6 sau goma, amma marubucin ya ƙi shi saboda ba ya jawo abu kusa, kuma ƙanƙantarsa ba za ta sa 'yan biki su ɗauke shi da daraja ba.

A daren liyafar an ɗauke wuta kafin isowar amarya, janaretan da aka tayar kuma aka sadaukar da ƙarfinsa ga lasifika, aka bar wa jama'a ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar rumfa. Da farko kyamarar ta nemi agajin filasha, wadda ta mayar da hodar fuskar amarya fara fat, ta kuma tayar da wani jariri, sai babbar gwaggo ta haramta ta. Daga nan kyamara ba ta da mafita sai biyu. Ta farko ita ce ta ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfafa ɗan hasken da sensa ta samu, wanda idan ya yi yawa yakan watsa wa hoto tsaki-tsaki. Ta biyu ita ce ta jinkirta rufe labulen da ke gaban sensa, kuma a nan ne masifar take, domin mai rawa yana buƙatar a buɗe a rufe cikin kamar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, kyamarar kuwa ta riƙa barinsa a buɗe har rubu'in daƙiƙa. Akwai na'urar da ke rage rawar hannu a cikin gilashin, kuma ta yi aikinta, sai dai ikonta ya tsaya a kan hannun mai ɗauka, bai kai ga ƙawayen amarya ba. Kafin kowane hoto kuma gilashin yakan yi ta kai da komo yana laluben inda zai saita, har murmushin ango ya bushe a fuskarsa.

Da aka taru kallon sakamako, an ga amarya a matsayin hayaƙi mai ruwan zinariya, an ga ango da kawuna biyu, an kuma ga mai guɗa babu fuska sai baki. Gwaggo ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, bikin mutane muka aike ka ko na mutanen ɓoye?" Hotunan da aka wanke daga baya sun fito ne daga wayar wata yarinya 'yar sakandare, mai tsarin dare irin wanda Google ta shahara da shi tun 2018, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗe su wuri guda.

Mutum ɗaya ne kaɗai ya fito tangaran a aikin marubucin, har ana iya ƙirga zaren hularsa, wato wani kawu da barci ya sace a kan farar kujerar roba a gefen rumfa, wanda ya cika sharaɗin rashin motsi daga farkon liyafa har ƙarshenta. Kawun ya nemi a faɗaɗa masa guda a sa a firam, ya kuma bayyana wa dangi cewa a lokacin da aka ɗauke shi lazimi yake yi.